Muryar da Ke Kiran Gudaji da Rana Tsaka

Gudaji bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, ko kusa. Shi ɗan fari ne, kuma a ƙauyensu da ke bayan Ɗanzomo matan zamanin Iya ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon tsabar idonsa, ba ta zama hira da shi. In tana so ya ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Yau kuma babu masu jan guga a gidan nan?" In ya yi rashin ji sai ta kai ƙararsa wurin kaji, da ƙarfi, yadda zai ji. Sunan da aka raɗa masa Habibullah ne. Kakarsa ce ta laƙaba masa Gudaji da ta ga shekaru na tafiya Iya ba ta sake haihuwa ba, shi kenan sunan ya bi shi. Iya kuwa babu wanda take faɗa a cikin biyun. "Wancan" take cewa, ranar da ranta ya yi fari ta ce "yaron nan".

Shi ma bai ɗauki abin a bakin komai ba, ai haka ya tarar ana yi. Sai dai lokacin da yake ƙarami, in matan maƙwabta suka fara ƙwala wa 'ya'yansu kira su zo cin tuwo, kowa da sunansa, yakan tsaya a jikin danga ya saurara har a gama. Kaka ta rasu, uba ya bi bayanta, gida ya rage daga shi sai Iya, mutum biyu a tsakar gida ɗaya suna magana ta hanyar randa da kaji.

Ya tashi dogo siriri, ƙafa kamar ta zalɓe, irin mutanen da tafiya ba ta ba su tsoro. Baffansa Ɗalha, ƙanin mahaifinsa, dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, shi ya ja shi can. Aikin Gudaji kora da lodi. Ya taro shanu daga bakin iyaka ya kawo su kara, wato filin cinikin shanu, in ciniki ya faɗa ya kora su Gumel ko Gagarawa a ƙasa, ko kuwa a taru a tura su cikin tirela. Wanda bai taɓa kokawa da bijimin Damagaram da ya rantse ba zai hau mota ba, wallahi bai san gajiya ba. In Alhamis ta zo, ranar kasuwa, kafin yamma jikin mutum ya yi tsami ko sunkuyawa ba ya iyawa.

A nan ya gamu da tiramol. Wani mai tallar magani a faranti ne, irin waɗanda ko sunansu ba su iya rubutawa ba amma sun naɗa kansu likitocin kasuwa, Allah ya isa tsakaninmu da su, ya gan shi dafe da ƙugu ya miƙo masa ƙwaya ɗaya. Ya ce, "Kora da shayi, ɗan samari. Maganin gajiya ne kawai." Kai, ranar Gudaji ji ya yi zai iya saɓa saniya a kafaɗa. Fatake suka fara nemansa da suna, ana cewa a kira dogon nan wanda ba ya gajiya. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama cikin tafi. Barci ya ƙaurace masa, sai ya haɗa da ƙwayar barci. Ya yi aure, matar ta duba ta ga ba za ta iya ba, ta tattara kwanukanta. Iya tana ganin komai. Ta dubi kaza ta ce, "Wasu dai idonsu ya koma garwashi, ko me suke ci oho." Kaza ba ta ce komai ba, shi ma bai ce ba.

Wata Alhamis cikin bazara, rana ta take har ƙasa na ƙona tafin ƙafa, Gudaji ya watsa ƙwayar da ta fi ƙarfinsa. Yana riƙe da igiyar sa ya yanke jiki ya faɗi. Ya yi ta jijjiga, kumfa na fita a bakinsa, can kuma ya miƙe ɗif. Aka sheƙa masa ruwa, shiru. Aka kara yatsa a hancinsa, aka dafa ƙirjinsa, wani dattijo ya girgiza kai ya ce rai ya yi halinsa. Babu wanda ya ce a gwada asibiti, wai gawa za a kai asibiti a yi mata me? Ga zafi, ga tafiya, kowa so yake a suturta bawan Allah kafin rana ta faɗi. Baffa Ɗalha yana hawaye ya sa aka ɗora shi a bayan a-kori-kura, sai gida.

Aka yi masa wanka, aka sa masa likkafani, aka fesa turare. Duk wannan Gudaji bai sani ba. Abin da ya sani shi ne ya sami kansa a wani wuri mai duhu da sanyi, ba ya jin hannu ba ya jin ƙafa, ba gajiya, ba ciwon ƙugu. Sai ya ji an kira shi daga kusa, dab da kunnensa.

"Habibullah."

Muryar Iya ce. Ko cikin mutum dubu ba zai ɓatar da ita ba, har da 'yar shaƙewar nan da take yi in ta daɗe a bakin murhu. Amma ba da muryar da take yi wa kaji faɗa ba. A hankali ta faɗa, tana jan ƙarshen sunan, yadda ake kiran wanda ake so. Ta sake cewa, "Habibullah." Ya yi ta ƙoƙarin ya amsa, harshe ya ƙi motsi. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

An sallace shi, an ɗauki makara, an kusa fita gari, sai gawa ta yi tari. Masu ɗauka suka dubi juna. Ta sake yin tari, likkafani ya motsa ta wajen gwiwa. Ai fa nan aka ga maza! Aka dire makara a tsakiyar hanya, wasu ko direwa ba su tsaya yi ba, takalma da huluna suka cika wuri. Wani da ake cewa ya taɓa kama kura da hannu, shi aka fara gani a ƙofar gidansa. Liman ne kawai da Baffa Ɗalha suka dake, suna salati, suka kwance ɗaurin kai. Gudaji ya buɗe ido ya ga sama, ya ga fuskar baffansa, ya yi amai. Ya dawo gida a kan jaki, da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu.

Ka ce murna za a yi? An yi ta kwana biyu, daga nan tsoro ya karɓe. Yara suka sa masa suna Ragowar Makara, in ya doso su watse. A majalisa in ya sa hannu a kwano, sai kowa ya tuna ya ƙoshi. Tsofaffin mata kan tare shi a hanya su tambaye shi ko ya ga mazajensu a can. Shi duk wannan bai dame shi ba, ido ya zuba wa Iya. Yana jira ta sake, ko sau ɗaya, tunda ai yanzu ya san sunan yana cikin bakinta. Ina! Iya ta ajiye masa tuwo a bakin ɗaki kamar kullum, ta juya baya ta ce wa randa, "Wanda Allah ya ba aron kwana sai ya kama kansa." Ya zauna da kwanon a gabansa har miyar ta yi sanyi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bai yi wata guda ba ya koma wa ƙwaya, amma wannan karon ba don lodi ba. Ya lura in ya sha da yawa, da rana tsaka, lokacin da gari ya yi tsit kowa ya shige inuwa, in ya kwanta shi kaɗai a gindin wata bishiya a daji, duhun nan mai sanyi yakan matso. Kuma can ƙasa-ƙasa, daga nesa, sai ya jiyo ta. "Habibullah." Ba ta zuwa kusa kamar ranar farko. In ya ƙara ƙwaya ta ɗan matso, washegari kuma sai ta ja da baya, sai ya sake ƙarawa. Haka ya yi ta bin muryar nan kamar mai bin saniyar da ta tsinke igiya, kullum tana gaba kaɗan. Ya rame, haƙarƙari duk a waje, fatake suka daina nemansa.

Damina ta wuce, kaka ta shigo. Wata rana aka ba shi 'yan shanu ya kai Gagarawa Tasha, sai ga shanun sun shiga gonar riɗin mutane babu makiyayi. Aka bi sawu aka tsince shi a gindin tsamiya, baki duk kumfa, yana murmushi. Aka yi wa Baffa Ɗalha waya. Wannan karon dattijon ya yi hankali. Ya ce, "Na binne shi sau ɗaya a banza, ba zan sake ba sai likita ya ce ya mutu." Ya ɗauki shatar mota har asibiti a Gumel.

Da ya farfaɗo, likita ya gama dubansa, aka tura shi wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda inda ake ganin masu fama da shaye-shaye. Ma'aikaciyar wurin Sista Sharifa ake ce mata, gajeriya mai jiki, ta manyanta, da tabarau a karan hanci. Gudaji ya shiga a shirye ya sha wa'azi, don ya sha shi a wurin liman, ya sha a wurin baffa, har mai shayi ya taɓa yi masa. Sai ya ji ta ce, "Malam Gudaji, ni ba alƙali ba ce. Tambayoyi zan yi maka don in san inda abin ya kai. In ka yi mini ƙarya, kanka ka yi wa, don da amsarka za a auna maganinka."

Ta fara bi da shi dalla-dalla. Me da me yake sha? Tun yaushe? Da ya farka yake farawa ko sai rana ta yi? Ranar da bai samu ba yaya jikinsa yake yi? Ya ce gumi, da hamma, da ciwon gaɓoɓi, da jin kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fatarsa. Giya fa? Ya ce ya taɓa kurɓa a tsallaken iyaka, ba ta karɓe shi ba. Wiwi, sholisho, maganin tari? Ya faɗi wanda ya taɓa da wanda bai taɓa ba. Ya taɓa ƙoƙarin dainawa? Ya taɓa faɗuwa yana jijjiga? Nan ya yi 'yar dariya ya ce, "Sista, ai har makara na hau." Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ja kujerarta baya ba kamar yadda mutane ke yi. Wannan ya sa ya ɗan saki jiki.

Ta ce, "Da can don aiki kake sha, na gane. Yanzu ka ce aikin ma ba ka yi. To don me kake ƙarawa? Zan tambaye ka kai tsaye, kada ka ji haushi. So kake ka mutu?"

"A'a, wallahi. Bakin ƙofa kawai nake zuwa in dawo."

"Me ke bakin ƙofar?"

Bai taɓa gaya wa kowa ba, don ya san ko dai a ce aljanu ne a kai shi gidan mai ruƙiyya, ko a ce ya zare. Amma matar nan ba ta gaggauta shi ba, sai ya ji bakinsa ya buɗe da kansa. Ya gaya mata komai, tun daga randa da kaji har zuwa duhun nan mai sanyi. Ƙato da shi, da gemu, yana magana hawaye na bin kumatunsa. Ya ce, "Sau ɗaya ta kira ni a duniya, shi ma sai da ta ga na mutu. In ba can ba, ina zan je in sake ji?"

Sista Sharifa ta cire tabarau ta goge da gefen hijabinta. Ba ta ce masa ƙarya yake ba, ba ta ce aljani ne ba. Ta ce, "Ƙwayar nan takan sa kunne ya ji abin da zuciya ta daɗe tana nema, wannan na sani. Abin da ya wuce haka Allah ne masani. Amma ga wanda nake da tabbaci a kansa. Jikinka ya saba, shi ya sa kullum sai ka ƙara kafin ka kai inda ka kai jiya. Tsakanin bakin ƙofar da kake faɗa da cikin ɗakin, yanzu saura ƙiris. Faɗuwa ta gaba ba lalle ka yi tari a makara ba."

Ta yi masa bayanin yadda za a yi. Ba a yanke ta rana ɗaya, don jijjiga na iya kashe shi. Likita zai riƙa rage masa a hankali, zai kwana biyu a asibiti, daga nan ya riƙa zuwa wurinta duk mako suna zama. Kuma dole a sami mutum ɗaya a gida da zai riƙe maganin, ya zauna da shi a kwanakin wuya. Ta ce, "Wa kake da shi?" Ya ce Iya ce kawai. Ta ce, "Ka yarda in gaya mata abin da ka gaya mini? In ba ka yarda ba, maganar ta mutu a ɗakin nan." Kunya ta rufe Gudaji. Amma a can ƙasan ransa wani abu ya ce, wa ya sani, ko in ta ji za ta tausaya ta sake kira. Ya ce ya yarda.

Ranar da aka sallame shi, Sista Sharifa ta biyo su har ƙauye, ita da Baffa Ɗalha. Da hantsi suka isa. Iya na zaune a inuwar rumbu da tarin zoɓorodo a gabanta tana ɓarewa, yatsunta sun yi jawur. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Gudaji ya tsuguna a bakin zaure, inda zai ji komai ba tare da ya haɗa ido da ita ba. Sista ta bi maganar a hankali, da ladabi, tana cewa Iya kaza Iya kaza, har ta zo kan kiran da aka yi masa ranar da yake kwance cikin likkafani.

Hannun Iya ya tsaya cak.

Ta ce, "'Yar nan, sake faɗa. Wa ya kira shi?"

"Ya ce ke ce, Iya. Kin zo kansa kin kira sunansa na yanka."

Iya ta dubi Ɗalha, Ɗalha ya dubi ƙasa. Ta ce, "Ni ban shiga ɗakin nan ba. Da aka sauke shi daga mota, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, aka kinkime ni zuwa gidan liman, can bayan masallaci. Aka aiko in zo in yi masa addu'a, na ce ba zan iya ganinsa a haka ba, na yafe masa daga nan. Ban sake taka gidan nan ba sai da na ji ana ihu wai ya tashi."

Baffa Ɗalha ya share gumi ya ce, "Haka aka yi. Ni na tsaya a kansa tun daga wanka har aka sa shi a makara. Babu macen da ta shigo."

Gudaji ya ji sanyi ya taso masa daga tafin ƙafa ya hau har tsakiyar kai, ga rana kuwa tana dukan bayansa. Abu ɗaya da ya mallaka a duniya, wanda yake juyawa a ransa safe da yamma, ashe ba nasa ba ne. Iya ba ta taɓa kiransa ba. To wa ya sunkuyo dab da kunnensa a cikin duhun nan? Wa ya ari muryar uwarsa, har da shaƙewar hayaƙin murhu, yake ta jansa daji da rana tsaka, kullum gaba kaɗan? Bai san lokacin da ya ce da ƙarfi, "To wane ne?" ba. Sista Sharifa ta danƙa wa Iya maganin, ta nuna mata yadda za ta riƙa ba shi, ta ce kada a bar shi shi kaɗai, ko kewayawa zai yi a san inda yake. Da za ta tafi ta tsaya a gabansa ta ce, "Ran Talata ina jiranka. Ka zo da ƙafarka."

Kwanakin da suka biyo baya ba su da kyaun faɗa. Gumi, rawar jiki, amai, ƙafafu na harbawa su kaɗai. Ya zagi bango, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, ya yi kuka kamar yaron goye. Iya ta janyo tabarmarta da tarin zoɓorodonta ta dawo daidai ƙofar ɗakinsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana cikin zanen goyo. In lokacin magani ya yi ta ajiye a murfin kwano ta tura da ɗan yatsa. Ran Talata Baffa Ɗalha ya goya shi a babur zuwa Gumel, ya zauna da Sista ya faɗa mata gaskiyar yadda makon ya wuce. Abu ɗaya ya ɓoye mata. Akwai ƙullin ƙwaya da ya tura a kogon wata kuka a bayan gari, kan hanyar maƙabarta, tun kafin a kai shi asibiti.

Wata rana jikin ya ɗan lafa, ya fito ya zauna a bakin ƙofa, Iya na gefe tana aikinta. Rana ta take tsaka. Mutane duk suna gona wurin yankan dawa, garin ya zama kamar an share. Ko iska ba ta motsi. Bai sha komai ba sai abin da likita ya rubuta, idonsa biyu, hankalinsa ɗaya.

"Habibullah."

Daga bayan danga ta fito, ta wajen hanyar kukar nan. Ba daga nesa ba kamar yadda ta saba. Kusa, kamar mutum ya kafa baki a jikin karan dangar. Mai taushi, tana jan ƙarshen sunan. Ya juya ya dubi Iya. Ga ta nan zaune, tazarar hannu ɗaya tsakaninsu, leɓunanta a rufe gam. Ya san ba ita ba ce, ya ji da kunnensa, yanzu ga shi yana gani da idonsa. Amma wayyo, daɗin kiran bai ragu ba ko kaɗan. Ya ji ƙafafunsa sun miƙe da shi, ya fara laluben takalmi.

Sai ya ji an damƙe gefen rigarsa. Hannun Iya ne, jawur da zoɓorodo, ya riƙe shi tamau har yadin na ƙara. Ta ɗago kai ta dube shi cikin ido. Shekara talatin da wani abu, yau ya fara sanin cewa ƙwayar idon uwarsa ba baƙa ba ce, ruwan ƙasa ce.

Ya ce, "Iya, kin ji?"

"Ban ji komai ba. Fuskarka na gani." Ba da randa take ba, ba da kaji ba, da shi take. "Zauna in gaya maka. 'Yar asibitin nan ta so ta roƙe ni in kira sunan nan ko sau ɗaya, na gani a bakinta, kai ma na ga kana jira. Ka ɗauka ba na iyawa ne? Tun kana ciki nake faɗarsa a zuci. Ranar da aka kai ni gidan liman, da haƙori na danne shi har leɓena ya fashe. Amma yanzu ko an sa mini wuƙa ba zan faɗa ba. In na kira ka yau, gobe in an kira ka daga bayan danga yaya za ka yi ka bambance?"

"Habibullah," in ji bayan danga.

Iya ta ƙara damƙe rigar. Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba, ba ta kuma kau da ido ba. Ta ce, "Ban taɓa kiranka ba, ba kuma zan kira ka ba har in koma ga Allah. Ka riƙe wannan da kyau. Duk ranar da ka ji sunanka da muryata, ko ina raye ko ina ƙasa, ba uwarka ba ce. Kada ka amsa."

Gudaji ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya gane abin da ake nema a wurinsa. In yana son ya rayu, sai ya haƙura da kiran nan har abada, na bayan danga da na cikin gida duka. Ya ji kamar ana zare masa wani abu daga ƙirji. A hankali ya zauna a gefen tabarmarta, ya cire takalmin. Iya ta tura masa tulin zoɓorodo gabansa da hannu ɗaya, ɗayan hannun bai saki rigar ba. Ya ɗauka ya fara ɓarewa, yana kuka ba sauti. Muryar ta yi ta kira daga bayan danga har aka yi kiran azahar, bai amsa ba.